Gazibo ko rumfar shan iska: mece ce ita, kuma yaya ake kafa ta iska ba ta ɗauke ta ba?

Abu Hafsat, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. A zanen gidan da nake ginawa, mai zanen ya sa wani ɗan gini mai kusurwa shida a filin da ke tsakanin get da ƙofar falo, ya ce sunansa gazibo. Filin mita 8 ne a faɗi, mita 10 a tsawo, ƙasar jigawa ce, akwai bishiyar bedi (dogon yaro) guda a gefen kudu. Ina son masana su yi mani bayani. Mene ne bambancinsa da rumfar da muka sani? Wane amfani ake yi da shi? Da ciyawa ya fi ko da kwano? Sannan me zai ci na siminti da ƙarfe? Abin da ya fi damuna iskar farkon damina ce, don duk shekara ana ganin yadda take yaye rufin gidaje. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya Marusa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Gazibo rumfa ce, kada sunan ya ruɗe ka. Abin da ya ware ta abu uku ne: tana tsaye ita kaɗai ba a jingina ta da bango ba, rufinta cikakke ne wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma gefenta a buɗe yake ta kowace fuska. Galibi ana yin ta da kusurwa shida ko takwas, ko a zagaye kamar bukka. Kalmar ta Turanci ce, ta shiga bakinsu tun ƙarni na 18, lokacin da masu hali a Ingila suke kafa irinta a lambunansu don su zauna su kalli fili. Ba ita ce rumfar tamfol da ake haya ranar biki a kwashe da yamma ba. Ba kuma ita ce wadda ake jera wa katako a sama da tazara don inabi ya hau ba, domin waccan ruwa yana zuba ta cikinta.

A nan wurinmu babban aikinta shi ne wanda zaure yake yi a da. Gidajen yanzu an daina yi masu zaure, baƙo namiji ya zo sai dai a tsaya da shi bakin get ko a kai shi falo iyali su takura. Rumfar tana raba wannan gardama. Bayan haka akwai karatun yara da malaminsu, buɗa-baki da azumi, da zaman dare a watan Afrilu da Mayu lokacin da ɗaki ba ya shiguwa.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, zaɓi wuri. Rana ta tsakar ka ba ita ce matsala ba, rufi ya gama da ita. Matsalar ranar yamma ce. Ka tuna lokacin shigar la'asar inuwar abu ta kai tsawonsa. To idan bakin rufinka yana mita 2.2 daga ƙasa, a wannan lokacin inuwar ta riga ta matsa gabas da kusan mita 2.2, wato kusan rabin daɓen yana cikin rana. Awa guda bayan haka sai dai ka bi inuwar waje. Shi ya sa za ka ga rumfa mai kyau an kashe mata kuɗi amma ba mai zama cikinta daga la'asar zuwa magariba, alhali lokacin ne aka fi buƙatarta. Saboda haka ka matsar da ita inda katangar yamma ko ginin gidan zai jefo mata inuwa da yamma. Bedin nan kuma ka ba shi mita 3 zuwa 4 daga bakin daɓe, saiwarsa tana ɗaga siminti, reshensa yana karyewa da iska. Kada ta zauna kan sokawe, kada ta shiga ƙarƙashin wayar wuta, kuma ka bar hanyar mota.

A filinka wadda ta dace ita ce mai kusurwa shida, mita 2 daga tsakiya zuwa kowane ginshiƙi. Fitar da ita a ƙasa ba wuya. Kafa turke a tsakiya, ɗaura igiya mai tsawon mita 2 daidai, ka zana da'ira. Sai ka cire igiyar ba tare da ka canza tsawonta ba, ka ɗora bakinta a kan da'irar, inda ɗaya bakin ya taɓa da'irar ka kafa turke, daga nan ka sake aunawa. Sau shida za ka dawo inda ka fara. Idan ba ka dawo daidai ba igiyar ce ta miƙe, shi ya sa waya ko sarƙa ta fi igiyar leda. Za ka samu faɗin mita 4 daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan mita 3.5 daga gefe zuwa gefe, daɓe murabba'in mita 10 da ɗan ɗoriya. Mutum goma za su zauna a sake. Mai son kusurwa takwas sai ya fara fitar da murabba'i, ya auna rabin tsawon da ke tsakanin kusurwa da kishiyarta, ya ɗora wannan awon daga kowace kusurwa a kan gefuna biyu da ke kusa da ita, maki takwas za su fito. Amma ginshiƙi biyu sun ƙaru, yankan kwano ya ƙaru, a ganina ba ta biya wahalarta a ƙaramin fili.

Yanzu maganar iska. Rufin ɗaki iska tana bugunsa daga waje ne kawai, amma rumfa ba ta da bango, iska tana shiga ƙarƙashi ta tura sama kamar yadda take juya lema a hannun mutum. Don haka ramin ginshiƙi ba don ɗaukar nauyi kaɗai ake yinsa ba, shi ne nauyin da ke riƙe rumfar a ƙasa. Kowane rami santimita 45 a kowane gefe, zurfi 60. Idan ka kai 60 ƙasar tana zubowa, ka sauka 75. Kwaɓin ɗaya-biyu-huɗu: buhun siminti guda, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa. Ramuka shida za su ci buhu 5. Daɓe mai kaurin santimita 10, wanda ya zarce ginshiƙai da santimita 30, zai ci buhu 9. Ka ƙara na dakali da filasta, ka tanadi buhu 18 zuwa 20.

Daɓen ya ɗara tsakar gida da santimita 15 zuwa 20. A cika da jar ƙasa a jiƙa a daddage ta sosai kafin a zuba kankare, in ba haka ba bayan damina ɗaya sai ka ji daɓen yana amsa kuwwa idan an taka, daga nan sai tsagewa. A karkata shi santimita 1 zuwa 2 a kowace mita don ruwan da feshi ya shigo da shi ya fita da kansa. A yi ta ban ruwa kwana bakwai. Idan da hunturu ne sau uku a rana, a rufe da buhunan siminti da aka jiƙa, domin busasshiyar iskar nan tana shanye ruwan kafin simintin ya kama, sai saman ya riƙa gari.

Abu Hafsat:

Na gode ƙwarai, Injiniya. Wato katangar yamma zan matsa kusa da ita. Saura maganar rufi da ginshiƙan kansu.

Baba Mai Jinka, Daura:

Ɗana Abu Hafsat, Injiniya ya gama maganar ƙasa, ba ni da ƙari. Ni maganar sama zan yi, kuma ra'ayina a fili yake: in don sanyi kake yin rumfar nan, ka yi jinka. Kwano da ya sha rana yana sauko maka da zafi a ka, ciyawa kuwa ba ta ɗaukar zafi, kuma iska mai ɗumi tana bi ta cikinta ta fice. Ruwa in yana sauka a jinka hira ba ta tsayawa, a kwano sai an ɗaga murya.

Amma jinka tana da sharuɗɗa, wanda ya karya ɗaya shi ne ke cewa ciyawa ba ta da kirki. Na farko tsayi. Ƙoƙuwar jinka ta tashi sama da kan ginshiƙai daidai da rabin faɗin rumfar. Taka mita 4 ce, to ƙoƙuwa ta tashi mita 2, ko ta fi, kada ta gaza. Jinkar da ta kwanta ruwa yana zama cikinta maimakon ya gangara, shucin, wato ciyawar da aka baibaye da ita, ya yi baƙi ya ruɓe tun daga ciki, zuwa Agusta sai yoyo. Masu son rumfa ta yi fasalin faifai su ne suke baibaya duk shekara.

Tsaiko, wato ƙwarangwal ɗin jinkar, da gora ake yi ko gwangwala, busassu, ba masu ɗanyen jiki ba, don ɗanya ƙwaro yana shigarta ka riƙa ganin gari yana zubo maka a tabarma. Tsawon kowace ya kai mita 3.7, saboda a samu baki ya zarce ginshiƙi da kamu ɗaya da ɗan ƙari. Wannan bakin shi ne inuwarka, shi ne kuma ke kore feshi. Manyan gora shida su sauka kan ginshiƙai shida, a cika tsakaninsu da uku-uku. Tanka kuma a zagaya ta duk taƙi biyu, ciki da waje, a matse tsaikon a tsakiya. Tankar ƙasa ita ce uwa, a yi ta da kauri kamar damtse, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, a bi da waya. A ƙasa ake ɗaura tsaiko a daidaita shi, sannan a kira mutane a ɗaga a aza.

Shuci kuma a saye shi bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ya ƙosa ya bushe kuma yana da araha. Wanda aka yanka bai ƙosa ba yana da laushi, ka lanƙwasa shi ba ya ƙara, wannan shekara guda zai yi. A kakkaɓe shi a fitar da ganye da ƙaiƙayi kafin a yanta, wato a saƙa shi da igiya ya zama dogon layi. Dammi ba awo ba ne, na wani ya ninka na wani, don haka ka yi ciniki a kan yanta: rumfa irin taka tana son yanta mai tsawon gaba 70, wato wajen mita 120 zuwa 130. Ana farawa daga baki, layi biyu a haɗe don bakin ya yi kauri, gindin ciyawa yana kallon ƙasa, sai a yi ta naɗewa ana hawa. Kowane layi ya rufe na ƙasansa ya bar taƙi guda kawai a waje. In an gama, kaurin ya kai taƙi guda. Ka shiga ciki da rana tsaka ka ɗaga kai, duk inda ka hango haske nan ruwa zai bi. Ƙoƙuwa a tufke ta tam a kifa mata tukunya ko hular kwano, don daga nan jinka take fara mutuwa. Daga ƙarshe a bi duk jikin da igiya a saƙa kamar raga a ɗaure da uwar tanka.

Ita kuma uwar tankar, kada a aza ta kawai a ce nauyi zai riƙe. A ɗaure ta da waya mai kauri a kan kowane ginshiƙi, zagaye uku-uku. Jinkar da ba a ɗaure ba guguwa takan ɗauke ta ɗungum ta kifa a gidan maƙwabci.

In da dirka za ka yi maimakon ƙarfe, nemi azara ta namijin giginya, baƙa mai nauyi, gara ba ta cika damunta ba. Sauran itace kuwa sai an babbaka gindin an shafe da baƙin mai. Jinka mai kyau takan yi shekara uku zuwa huɗu kafin a ƙara mata shuci a sama, ba sai an sauke ta duka ba. Abin da ba ta yafewa wuta ne. Gasa nama, kaskon turare, murhun shayi, duk su tsaya nesa, musamman da hunturu.

Usta Mai Walda, Ƙofar Guga:

Allah Ya ƙara girma, Baba. Duk abin da ka faɗa a kan sanyin jinka haka yake. Inda zan ɗan saɓa shi ne cikin gari, inda gidaje suke manne da juna, ga janareta ga wayoyi, ga tartsatsin shara da ake ƙonawa. Wanda ba zai iya kula da ciyawa ba, kwano ya fi masa kwanciyar hankali, kuma akwai dabarar rage zafinsa. Ko da jinkar za a yi, shawarata ginshiƙai su zama ƙarfe.

Yallaɓai Abu Hafsat, fayif mai inci 3 za ka saya, kaurin jikinsa milimita 2.5 zuwa 3. Kada ka yarda da kauri na baki, ka sa a auna, ko ka ɗaga biyu ka ji bambancin nauyi. Mai siririn jiki walda tana huda shi, kuma nan ne yake karyewa. Tsawon fayif yakan kusa mita 6, wasu suna gazawa kaɗan, ka je da tef. Guda uku a raba biyu-biyu sun ba ka ginshiƙi shida na kusan mita 2.9. Santimita 60 a rami, 15 cikin daɓe, saura mita 2.1 zuwa 2.2 a sama. Kada ka ce za ka ƙara tsawo don ta yi kwarjini. Duk yadda rumfa ta ƙara tsawo inuwa tana guduwa da wuri, feshi yana shiga, iska kuma tana samun inda za ta kama.

A gindin kowane fayif a gicciya guntayen rodi biyu na milimita 12, tsawon santimita 30, a yi masu walda. Fayif sumul yake, in babu wannan giciyen iska tana iya zare shi daga kankare kamar an zare takobi daga kube. A tsayar da su da ma'aunin ruwa ta fuska biyu, a tokare da katako, kada a taɓa su sai bayan kwana uku. A tabbatar kawunansu shida sun yi daidai, da siririyar tiyo mai ruwa a ciki ake gane wannan. In ɗaya ya ɗara sauran da ko santimita 2, rufin ba zai haɗu a ƙoƙuwa ba sai an tilasta shi.

A sama a zagaye da ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2 da 3, a tsaye ba a kwance ba. Daga nan sai abin da aka fi mantawa da shi, wato 'yan tokare. Kowane ginshiƙi a ba shi biyu, tsawon santimita 60, a karkace daga jikinsa zuwa ƙarfen sama, hagu da dama. Guda goma sha biyu ke nan. Rumfar da ba ta da su, ka kama ginshiƙi ka girgiza za ka ji dukkanta tana rawa, kuma wannan rawar ce take tsinka walda a hankali har ranar da babbar iska za ta zo.

Rufin kwano ba ya son tsayi irin na jinka. Ƙoƙuwa ta tashi santimita 90 zuwa mita 1 ya isa. Ƙarfe shida daga ginshiƙai zuwa tsakiya, kowane kusan mita 2.9 har da bakin da ya zarce santimita 60, su haɗu a kan faranti mai kauri ko guntun fayif mai faɗi, ba a cusa kawunansu wuri guda a tula walda ba. Gicciyen da kwano zai kwanta a kai duk santimita 60, amma na bakin ƙasa biyu a matso da su kusa, don a baki iska take fara ɓanɓara. Faɗin rufin zai kai murabba'in mita 20. Da yake kowace fuska mai kusurwa uku ce, yanka yana cin kwano, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a lissafi. Da ƙaramin kwano mai ƙafa shida, bandir guda mai ashirin ba zai isa ba, sai an ƙara biyar zuwa goma. Da dogon alminiyam kuwa, kada ka sauka ƙasa da kaurin milimita 0.45, in da hali 0.55. A ɗaure da noti mai roba a kai, a kan tudun kwanon ba cikin kwarinsa ba. A layin baki kowane tudu ya samu noti, a tsakiya ana iya tsallake ɗaya. Mahaɗa shida a rufe su da kwanon kunya mai faɗi, a kifa hula a sama.

Maganin zafi abu biyu ne. Ɗaya, a ɗaga hular ƙoƙuwa santimita 10 a bar kafa a ƙarƙashinta, iska mai zafi ta samu mafita, ita ma iskar hadari ta rage turawa. Biyu, a yi sili a bi karkatar rufin, da zana ko asabari ko katako, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da kwano. Farin kwano ko mai haske ya fi baƙi da shuɗi sanyi nesa ba kusa ba.

Tsatsa kuma daidai inda fayif ya shiga daɓe take ci, don nan ruwa yake kwanciya. A goge ƙarfen, a shafa jan fenti na hana tsatsa hannu biyu kafin a kafa, a bi duk inda aka yi walda a sake shafawa bayan an kankare kashin waldar. A yi wa gindin kowane ginshiƙi ɗan tudun siminti mai gangara. Kan fayif kuma a toshe shi da faranti, in an bar shi buɗe ruwa yana taruwa ciki ya ci shi ba ka gani.

In kafinta ne zai yi rufin da katako, tu-bai-fo (mai inci 2 da 4) busasshe, a jiƙa shi da maganin gara na Solignum ko baƙin mai, a ɗaure shi da ƙarfen sama da noti mai ratsawa ko langa-langa. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe abin da ake ja sama.

Baba Mai Jinka:

Usta, maganar gobara gaskiya ce, ban musa ba. Ginshiƙin ƙarfe ma na yarda da shi. Sai dai in za a aza jinka a kansa, ka yi wa ƙarfen sama 'yan kunnuwa na rodi duk kamu guda, inda waya za ta bi a ɗaure uwar tanka. In ba kunnuwa wayar zamewa take.

Hajiya Maman Sadiya, GRA:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Abu Hafsat, an yi maka bayanin gini, bari in ƙara na zama, don rumfar da ba ta da daɗin zama ajiyar tsofaffin kujeru take komawa.

Ka fara yanke shawarar ta wa ce. In ta baƙi maza ce, ƙofarta ta kalli get, kuma a duba kada wanda ke zaune ya riƙa hango ƙofar kicin ko inda mata suke kai da kawo. Ɗan shinge na fulawa ko bulo mai huda tsakaninta da cikin gida ya wadatar. In ta iyali ce, bayan gida ya fi, inda za a yi kitso da lalle da tsintar shinkafa a sake, a kuma duba tagogin benen maƙwabta. Ɗaya ba ta cika yin aikin biyu ba.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas, zafin la'asar daga yamma, iska mai daɗi ta damina kuma daga kudu maso yamma. Don haka mashiga ta fi kyau a kudu. Fuskar gabas da ta yamma a rataya masu asabari mai naɗewa, a sa masa igiya a ƙasa da za a ɗaure da ginshiƙi, in ba haka ba iska tana kaɗa shi har ya tsinke. In an ga hadari ya haɗo a naɗe su duka, asabarin da aka sake yana tare iska ya ja rumfar.

Dakali layi biyu na bulo, tsayi santimita 45, faɗi 45, a fuska uku ko huɗu kawai. In aka zagaye duka, shara da ruwa ba su da mafita, kuma tsoho mai ciwon gwiwa ba shi da inda zai sa kujerarsa. A bar 'yan kafofi a gindin dakalin don ruwan wanki ya fita. Kada dakalin ya wuce haka a tsayi, yana tare iskar da mai zama a tabarma yake nema. Tsakiya a bar ta fili. Alƙibla a Katsina gabas ce ta ɗan karkata arewa, in aka daidaita fuska ɗaya da ita tun wurin kafa turaku, sahu biyu gajeru suna shiga ba tare da an karkace darduma ba.

Tayil mai santsi kada ya shiga wurin nan. Feshi kaɗan ya sauka sai yaro ko tsohuwa su zame. A sa mai kaushi, ko a bar siminti a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye. Inda ruwan rufi yake zuba kuma a haƙa 'yar kwata mai faɗin santimita 30 a zagaye a cika da tsakuwa. In babu ita ruwan yana haƙa rami, yana fantsamo jar ƙasa a daɓe, ya kwanta sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Wuta a binne bututunta tun kafin a zuba daɓe. Waya mai 1.5 ta fitila, mai 2.5 ta soket, soket ɗin mai murfi a jikin ginshiƙin da feshi bai cika kaiwa ba, sama da dakali. Tunda ginshiƙan ƙarfe ne, lallai mai gyaran wuta ya haɗa su da wayar ƙasa, don yara suna rungumar su da jiƙaƙƙen hannu. A jinka kuwa waya ba ta taɓa ciyawa, cikin bututu za ta bi har bakin fitila. Fitilar kada a rataye ta tsakiya saman kwanon abinci, da damina ƙwari da shinge za su cika tiren. A sa ta a ginshiƙi daga waje, mai launin ruwan ɗorawa, ta fi fara rage ƙwari. Fanka kuma sai in fukafukanta za su tsaya mita 2.3 daga daɓe, wanda a rumfa irin wannan sai an rataye ta can cikin ƙoƙuwa da gajeren ƙarfe.

A sa ƙugiyoyi a ƙarfen sama tun wurin walda. Da su ake rataya gidan sauro a kwana a waje da bazara, da su ake rataya labule in mata za su yi taro.

Abu Hafsat:

Allah Ya saka maku da alheri baki ɗaya. Na tsayar da ginshiƙan ƙarfe da dakali a fuska uku. Rufin ne nake ta saƙawa. Injiniya, zai yiwu a yi kwano a ƙasa a baibaye shi da shuci a sama, a samu sanyin Baba da kwanciyar hankalin Usta? Kuma wane wata ya fi dacewa a fara?

Injiniya Marusa:

Yana yiwuwa, ana yi, amma da sharaɗi biyu. Rufin ya tashi tsayin jinka, mita 2, ba tsayin kwano ba, don ciyawar ce ke karɓar ruwan farko. Sannan kada shuci ya kwanta kai tsaye a kan kwano, a bi saman kwanon da siraran ƙarfe ko gora a ɗaga shi yatsu uku, a nan za a ɗaura yantar. In ya manne, laima tana zama tsakaninsu, ciyawar ta ruɓe kwanon ya yi tsatsa, kuma ba za ka gani ba sai ya huje. Ka sani nauyi ya ƙaru, musamman in shucin ya sha ruwa, don haka ƙarfe shidan da suka hau ƙoƙuwa su zama inci 2 da 3 masu kauri, tsawon mita 3.7, a ɗaure su da zobe a rabin tsayinsu. Faɗin rufin ma ya tashi zuwa wajen murabba'in mita 27, sai ka sake lissafin kwano. Wannan haɗin yana hana yoyo, yana hana garwashi zubowa kan mutane, amma bai hana ciyawar kamawa daga waje ba, don haka dokar Baba ta nisanta wuta tana nan.

Lokaci kuma, ka zuba ramuka da daɓe a Nuwamba, ka bar kankaren ya yi mako biyu kafin a aza masa nauyin rufi, a yi baibaya a Disamba ko Janairu lokacin da shuci ya wadata. Cikin Mayu, kafin ruwan farko, a hau a bi notuna da wayoyin ɗauri ɗaya bayan ɗaya a ƙara matse su, domin gora da igiya suna sakewa bayan sun sha zafin bazara.